Tambayar da ta sa na sake karanta Yaƙin Duniya na Ɗaya

Na daɗe ina koyar da tarihi a wata sakandire a nan Jos, kuma duk shekara in muka zo kan Yaƙin Duniya na Ɗaya abu ɗaya nake rubutawa a allo. Ranar 28 ga Yuni 1914 wani saurayi ɗan shekara 19, Gavrilo Princip, ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya-Hangari, Franz Ferdinand, da matarsa a birnin Sarayebo, daga nan yaƙi ya ɓarke. Yara su kwafa, su haddace, su zubo min a jarrabawa, in ba su maki, shikenan.

Ranar nan da safe lokacin hunturu, irin sanyin Jos ɗin nan da alli ma da ƙyar kake riƙe shi, kowa ya dunƙule cikin suwaita, sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce "Malam, yariman na Ostiriya ne, a Bosniya aka kashe shi, to me ya kai Ingila ciki? Me ya kai kakanninmu Kamaru?" Na ba ta amsar littafi, na ce ai akwai ƙawance tsakanin ƙasashen, ta yi shiru, amma ni na san ban gamsar da ita ba, kuma abin ya tsaya min a rai har na koma gida.

Da na zauna na sake bin labarin a nutse, abin da ya fara girgiza ni shi ne kashe manya ba sabon abu ba ne a lokacin. An kashe shugaban Faransa a 1894, an kashe matar sarkin Ostiriya ɗin kanta a 1898, sarkin Italiya a 1900, shugaban Amurka a 1901, ba wanda aka yi yaƙin duniya a kansa. To ka ga ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da ke ƙasa.

Akwai tsohuwar gaba. A 1871 Jamusawa sun lallasa Faransa suka ƙwace mata yankunan Alsas da Loren, sama da shekara 40 abin na cin Faransawa a rai. Jamus kuwa sabuwar ƙasa ce mai tashen ƙarfi, masana'antu ta ko'ina, tana ganin ta zo a makare an riga an rabe duniya, duk da a Balin ɗinta aka zauna taron rabon Afirka a 1884 zuwa 1885. Sai ta kama ƙera jiragen ruwan yaƙi, ita kuma Ingila tsibiri ce, cinta da shanta da mulkin mallakarta duk ta teku suke, ba za ta zuba ido ba, ta fito da katafaren jirgin nan Dreadnought a 1906, daga nan aka shiga tsere, wannan ya ƙera wancan ya ƙera. Sau biyu kuma aka kusa gwabzawa a kan Maroko, 1905 da 1911, a na biyun ma sai da Faransa ta yanka wa Jamus wani yanki na Kwango aka haɗa da Kamaru kafin ƙura ta lafa.

Amma inda na fi daɗewa ina juya abin shi ne maganar tsoro, don wallahi a da ɗauka nake ƙarfi da girman kai ne kawai suka kai su, ashe kowannensu a tsorace yake. Jamus na kallon taswira tana ganin Faransa ta yamma, Rasha ta gabas, kuma su biyun sun ƙulla ƙawance tun 1894, Ingila ta shirya da Faransa a 1904 ta shirya da Rasha a 1907, gaba kura baya sayaki kenan. Ostiriya-Hangari tarin ƙabilu ce a ƙarƙashin sarki ɗaya, tana tsoron in Sabiya ta ci gaba da zuga 'yan'uwanta da ke cikin daular to rugujewa za ta yi, ga shi Sabiya ta ƙara faɗi bayan yaƙe-yaƙen Balkan na 1912 da 1913. Rasha kuma ta sha kashi a hannun Japan a 1905, ta haɗiye baƙin ciki a 1908 da Ostiriya ta haɗe Bosniya, tana ganin in ta sake yin shiru an gama raina ta. Kowa a cikinsu ya yarda har zuciyarsa kare kansa yake yi.

Sannan ga tsarin sojoji da bai bar wa kowa lokacin tunani ba. Shirin Jamus shi ne ta ratsa ta Beljiyam ta gama da Faransa cikin kamar sati shida kafin Rasha ta gama kwaso sojojinta a jirgin ƙasa, wato duk kwana ɗaya da aka ƙara ana sulhu asara ce a idon janarorinta. Shi ya sa abin ya tafi kamar gobarar daji a kaka. Ranar 23 ga Yuli Ostiriya, da ke zargin Sabiya da hannu a kisan yariman, ta ba ta wa'adin awa 48, Sabiya ta amince da yawancin sharuɗɗan amma duk da haka ranar 28 aka ƙaddamar da yaƙi a kanta, Rasha ta fara tara sojoji don mara wa Sabiya baya, Jamus ƙawar Ostiriya ta shelanta yaƙi da Rasha ranar 1 ga Agusta, da Faransa ranar 3, ranar 4 ta shiga Beljiyam, ran nan Ingila ta shigo da hujjar alkawarin 1839 na kare Beljiyam. Sarkin Jamus da na Ingila fa jikokin Sarauniya Biktoriya ne su biyun, kuma sarkin Jamus da na Rasha suna ta aika wa juna telegiram a kwanakin, zumuncin bai tsayar da komai ba. Mu kuma da ba mu fi wata bakwai da zama Najeriya ɗaya ba, aka kwashi samarinmu aka tura su Garwa da Mora a Kamaru su yaƙi Jamusawan da ke mulkinta.

Da sati ya zagayo ban rubuta komai a allo ba. Na raba ajin gida biyar, kowane rukuni ƙasa ɗaya, na ba su 'yar takarda mai ɗauke da abin da ƙasarsu ke tsoro, na ce kowa ya tashi ya faɗi dalilinsa na shiga yaƙin. Kai, aji ya ɗau zafi. 'Yan Jamus na cewa an kewaye mu, 'yan Rasha na cewa wallahi ba za mu sake barin ƙaninmu a dake shi ba, ba wanda ya yarda shi ya fara. Ana cikin haka wani yaro daga can baya ya ce "Malam, ai kamar rikicin garin nan ne."

Aji ya yi tsit. Musulmi da Kirista ne a zaune, ba ɗayansu da aka haifa lokacin rikicin Jos na 2001, amma kowa ya taso ya tarar da unguwar da aka ce kar ya shiga. Ni kuwa ina nan ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001, na san yadda ake ba da labarin cewa daga gardamar wucewa ta hanya lokacin sallar Juma'a abin ya tashi, kuma na san kafin ranar an daɗe ana zaman doya da manja kan waye ɗan ƙasa waye baƙo, waye zai riƙe ƙaramar hukumar Jos ta Arewa tun da aka ƙirƙiro ta a 1991, kowane ɓangare na jin shi ake shirin murƙushewa. Ban ce musu komai a kai ba da farko, na ce ɗana ci gaba, muna jinka. Ya ce babansa ya gaya masa su aka fara kai wa hari. Wata yarinya ta juyo ta ce ita ma haka mamanta ta gaya mata.

An buga ƙararrawar tashi ba wanda ya motsa, sai da malamin lissafi ya leƙo ya ce min lokacinsa ya shiga. Na roƙe shi minti goma, ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa yana sauraronsu.