Abin da na koya a binciken ƙwayoyin asali a Abuja

Na fara aikin likita ne a sashen cututtukan jini a Abuja, kuma yawan yaran da ake kwantar mana cikin azabar sikila shi ya karkatar da ni zuwa bincike a kan ƙwayoyin halitta na asali, wato waɗanda ke cikin ɓargo suna samar wa jiki sabon jini muddin mutum yana raye. Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, domin ana kiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita a kowace shekara.

Mafi yawan aikin mai bincike reno ne. Ƙwayoyin da muke rainawa suna buƙatar ɗumi na digiri 37 dare da rana, waɗanda muke ajiyewa kuwa suna kwance cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Idan aka ɗauke wuta kuma janareta ya ƙi tashi, ko funfuna ta shiga kwanon gwaji, aikin watanni ya tafi ke nan. Kafin a ɗebi ko ɗigon jini daga majiyyaci sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, shi ma mai jinin ko iyayensa sun yarda bayan an yi musu bayani da harshen da suke ji.

Wannan bayanin shi ya fi komai nauyi a wurina. Dashen ɓargo yana warkar da sikila, an kuma fara yinsa a ƙasar nan a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a shekarar 2011. Sai dai yana buƙatar mai bayarwa wanda jikinsa ya dace da na majiyyaci, kuma damar dacewar kowane ɗan'uwa shaƙiƙi kashi 25 ce cikin 100. Kafin dashen ana ba yaro magunguna masu ƙarfi da ke kashe tsohon ɓargonsa, waɗanda kan iya hana shi haihuwa nan gaba, sabon ɓargon ma yakan juya ya yaƙi jikin da aka sa shi. Wani dattijo ya taɓa tambayata: "Likita, in na sayar da gonata, yarinyar nan za ta warke?" Na ce: "Baba, kada ku sayar da komai tukuna, bari mu fara gwada jinin ƙannenta."

Raina yana ɓaci ƙwarai da masu tallar ƙwayoyi da garin sha a WhatsApp da sunan maganin ƙwayoyin asali, suna cewa yana warkar da suga, shanyewar jiki da sikila gaba ɗaya, alhali babu hujjar kimiyya a kai. A ƙarshen 2023 Amurka ta amince da Casgevy, maganin sikila da ke gyara ƙwayoyin majiyyacin kansa, amma kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne. Shi ya sa ko ina tsakiyar bincike ba na fasa zaman asibiti, inda nake ɗora yara a kan hydroxyurea, maganin da ke rage yawan tashin ciwon sikila, nake kuma matsa wa masu shirin aure su yi gwajin jini tun kafin a sa rana.