Abin da Mutane Ke Kawowa a Sa Musu a Gilas

Kwana uku bayan ƙaramar Sallah wani mutum ya shigo shagona riƙe da waya, fuskarta duk ta tsattsage. Muka gaisa, ya miƙo mini ya ce, "Malam, duba nan da kyau. Wa ka gani?" Hoton Hawan Bariki ne da wata kafar labarai ta sa a shafinta na Facebook. Wani hakimi ne bisa farin doki, ya sha rawani ya ja amawali, alkyabba sai ƙyalli take. Na ce hakimi na gani. Ya ce a'a, in sauko da idona ƙasa, wajen linzami. Can gefe kuwa sai ga rabin fuskar wani zagi, zufa ta wanke shi, hannunsa na kan wuyan dokin.

"To ni ne wanga," in ji shi.

Faci yake yi a wajen Ƙofar Guga, nan birnin Katsina, zagin kuwa gado ne, ubansa ma ya yi. Shekara da shekaru yana gudu gaban doki, bai taɓa ganin kansa a hoton da duniya ta gani ba sai bana. Ya ce girman da ya fi kowanne yake so. Sai ya rage murya ya tambaye ni ko za a iya matso da shi tsakiya. Na auna a kwamfuta, na ga in har zai zo tsakiya, sai an sare kan hakimi daga rawani zuwa haɓa. Na ce, "Malam, ranar da wani ɗan gidan ya shigo ɗakinka gaisuwa ya tarar da ubangidanka ba kai, me za ka ce masa?" Ya yi dariya har da dafa bango, ya ce a bar shi inda Allah ya ajiye shi.

Sauran rigimar ta girma ce. Hoton ba daga kyamara ya zo ba. Wani ne ya ɗauko shi daga Facebook ya tura wa wani ta WhatsApp, shi ma ya tura masa, kuma duk turawa sai an matse hoto an rage masa nauyi. A waya ba ka ganewa. Ka ce za ka buga shi inci 20 x 24, sai fuska ta watse ta koma kamar an watsa gero a faifai. Kullum ina roƙon mutane su turo hoto a matsayin fayil, amma yawancin masu irin wannan hoton ba su ne suka ɗauka ba, tsintarsa suka yi. Na buga masa gwaji a ƙaramar takarda ya gani da idonsa, muka daidaita a kan 10 x 12. Ya biya rabi, ya cika sauran bayan mako guda, ya hau acaɓa ya rungume firam ɗin, fuskar hoton na kallon titi.

Aikina ke nan, buga hoto da sa shi a firam, a wani ɗan shago kan hanyar Ƙofar Ƙaura, ni da yara uku. A wurin wani maigidana na koya, Allah ya jiƙansa, tun ana ɗaukar hoto da fim. Na fi shekara ina shara da goge gilas kafin ya bar ni na taɓa abin yanka. Yankan gilas layi ɗaya ake ja, da ƙarfi daidai, sannan a karya. Wanda ya ji tsoro ya sake bi ta kan layin ya ɓata gilas ya kuma dakushe bakin abin yankan, tabon da ke babban yatsana ma shaida ne. Sandar firam daga Kano muke sarowa, a yanka kowace kusurwa a kan digiri 45. In ka kuskure da ƙwayar zarra, ranar ba za a gani ba, sai hunturu ya busar da katako kusurwa ta buɗe baki, mai kaya ya dawo yana yi maka kallon maha'inci. Damina kuma tata matsalar daban. Hoton da ya jingina da gilas, in raɓa ta shiga, mannewa yake, ka zo cirewa fuskar mutum ta biyo gilas. Shi ya sa muke sa kwali a kewaye, ya raba su. Masu son araha suna cewa a cire kwalin, ni kuma nakan ce su je wani shagon.

Kasuwarmu da lokacinta. Bayan kowace Sallah hotunan hawa ne, daga Ƙofar Soro da Kangiwa. Watan Maulidi ga saukar ɗaliban Islamiyya, ga mutanen Daura da hotunan Sallar Gani. In Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman Katsina sun yaye ɗalibai, sai mu kwana muna yanka. Akwai masu bautar ƙasa da kakinsu, akwai iyayen yaran da suka shiga musabaƙar Alƙur'ani. Ita musabaƙar ta ƙasa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ce ke shirya ta tun 1986, amma kafin a kai can sai an tace tun daga ƙaramar hukuma, kuma takardun wannan matakin na farko su suka fi zuwa hannuna. Uban da ɗansa ya zo na uku a izu goma a ƙaramar hukumarsu, ka ga yadda yake riƙe takardar, sai ka ce daga Makka aka aiko ta.

Sai kuma hoton tsayawa kusa da babban mutum, wanda shi ne ya gina mini rabin shagon nan, don haka ba zan zage shi ba. Jiharmu ta ba da shugaban ƙasa a 2007, lokacin da Umaru Musa ya tashi daga kujerar gwamna, ta sake bayarwa a 2015 da Buhari ya ci zaɓe. Duk lokutan biyu sai da mutane suka zazzage akwatunansu suna neman tsofaffin hotuna. Wanda ya taɓa tsayawa a layi na uku wajen buɗe wata rijiyar burtsatse, wanda ya taɓa zuwa gaisuwar Sallah a Daura aka ɗauke su su talatin, kowa ya zo a ƙara masa girma a zagaye kansa da jan layi. Da Buhari ya rasu a watan Yulin 2025 aka binne shi a Daura, wasu suka sake kawo nasu a canza gilas. Waɗannan na yarda don ƙauna suke yi, tunda babu sauran abin da za su samu.

Na ƙananan 'yan siyasa ne ke ba ni dariya. Zaɓe na wucewa sai ka ga mutum ya shigo da firam a hammata, ya ce katako da gilas lafiyarsu ƙalau, hoton kawai za a musanya. Wanda aka cire nakan tambaya ko zai tafi da shi. Sai ya ce in ajiye zai aiko yaro. Akwai kwali guda a ƙarƙashin teburina cike da tsofaffin ciyamomi da kansiloli suna musabaha da mutanen da ba su aiko yaro ba har yau. Masu cewa in haɗa su da gwamna a kwamfuta kuwa, ba na yi. Na san a ina ake nuna irin wannan hoton, na kuma san abin da ake karɓa da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba ya cikin waɗannan. Wani dattijo ne ya zo daga wani ƙauye wajen Mashi, da jikansa na ja masa gora. Ya kwance ƙullin leda, cikin ledar akwai tsumma, cikin tsumman akwai takardar shaidar gasar manoma. Bijiminsa ne ya zo na ɗaya. A saman takardar Jihar Kaduna aka rubuta, ka ga ke nan tun kafin a yanke mana tamu jihar a 1987. Gara ta cinye kusurwa guda har ta taɓa hatimi, inda aka naɗe kuma ya kusa rabewa. Na ce, "Baba, ai wannan mai sauƙi ne. Zan kwafe ta a kwamfuta in cike inda gara ta ci, in buga maka sabuwa fes, ita kuma tsohuwar ka adana." Ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, wagga ita aka miƙo mani a gaban mutane, hakimi na zaune. Wadda za ka yi, wa ya miƙo mani ita?" Ban sami amsa ba. Ya zauna a benci ya ba ni labarin bijimin kamar jiya aka yi: yadda ya saye shi ɗan maraƙi, dusa da harawar wake da kanwar da ya ci, yadda aka yi ta tafi da aka zagaya da shi fili. Bijimin an sayar, kuɗin sun shige hidimar aure, 'ya'yan da aka aurar ma sun yi jikoki. Na shimfiɗa takardar a kan farin kwali ba tare da gam ya taɓa ta ba, na bar ramin garar a fili yadda yake.

Dalilin da ya sa na yi mata a hankali haka, na taɓa yin ɓarna. Farkon buɗe shagona wata Hajiya ta aiko jikarta da takardar saukar Alƙur'ani. Da girmanta ta shiga makarantar matan aure, ta sauke tana da furfura. Malaminsu da hannu ya rubuta sunanta, da tawada. Ni kuma lokacin na sayi injin manna leda, ina ɗoki, komai na samu sai na tura ciki. Zafin injin ya sa tawadar ta naso, sunan ya koma baƙin tabo, ledar kuma in ta kama ba ta ɓaruwa. Da ƙafata na je gidan, na durƙusa a zaure na ba da haƙuri. Daga bayan labule ta ce, "Ba komai ɗan nan, karatun ai ba a takardar yake ba." Ta yafe, amma na ji muryarta, na san ta ji ciwo. Na bi malamin har ya sake rubuta wata. Tun daga ranar, takardar asali ba ta shiga injin nan a shagona. A kwafa, a manna wa kwafin leda, ta asalin a sa ta a gilas ko a fayil.

Wani kuma abin da ya kawo ba takarda ba ne, ba hoto ba. Kaset ne. Yana acaɓa a shekarun baya wani fasinja ya manta jakar kuɗi, ya yi kwana biyu yana cigiya har ya gano shi. Gidan rediyo suka kira shi suka yi hira da shi ta 'yan mintoci, maƙwabcinsa ya naɗa a kaset. Yanzu ko rediyon da zai saka shi babu a gidansa. Na sa aka juye masa muryar a waya, kaset ɗin kuma na yi masa firam mai zurfi kamar akwati, na ɗaure shi da zare ta baya. Na tambaye shi ko mai kuɗin ya ba shi wani abu. Ya ce ya ba shi, amma ya manta ko nawa ne. Abin da bai manta ba shi ne ranar da aka sa hirar, mahaifiyarsa ta aika aka kira matan unguwa suka zauna tsakar gida suka saurara.

Yarana na shago sukan yi wa irin waɗannan mutane dariya in sun fita, musamman ƙaramin, wanda bidiyonsa na barkwanci ya taɓa yawo a TikTok na kwana biyu, har yau kuma bai bar mu mun huta ba. Nakan ce ya bari ya ga abin da zai kawo a sa masa a gilas in ya kai shekarun Baba mai bijimi.

Mai facin nan ya dawo bayan Sallar da ta zagayo. Na zaci sabon hoto ya samu. Ashe yaransa ne suka buga ƙwallo a ɗaki gilas ya fashe. Na tambaye shi labarin hawan bana, ya ce an yi lafiya, ya yi gudunsa kamar kullum, sai dai masu kyamara ta ɗaya gefen dokin suka tsaya. Na yanka masa sabon gilas 10 x 12, na goge ƙurar da ta shiga, na ce kada ya biya. Ya ce to in ƙara masa da doguwar ƙusa guda, zai ɗaga shi sama inda ƙwallo ba ta kaiwa.