Kwana Tara a Amurka, da Gidajen George Washington Biyu da Na Gani

Yau kwanana biyar da dawowa Katsina, har yanzu barcina bai daidaita ba: ƙarfe ukun dare idona biyu, bayan azahar kuma sai in ji kamar an ɗaure ni. Gara in rubuta tun abin yana da zafinsa. Bikin kammala karatun ɗan yayata ne ya kai ni Filadelfiya, amma tun kafin in taso na gaya masa kada ya ɓata mini kwanaki a kantuna. Shekara ashirin da ɗoriya ina ambaton George Washington, shugaban Amurka na farko, a gaban allo, ban taɓa ganin ko ƙofar gidansa ba.

Shigata ƙasar ba ta yi daɗi ba. A filin jirgin da muka sauka wani ma'aikaci ya buɗe jakata, ya zaro ƙunshin kilishin da yayata ta bayar a kai wa ɗanta, ya riƙe shi da yatsa biyu kamar ya ɗauko mushe, ya jefa a kwandon shara. Doka ce, ba a shiga da nama, wannan ban yi gardama ba. Abin da ya sosa mini rai shi ne na gaishe shi har sau biyu bai ko ɗago kai ba, ga shi a haife na haife shi. Yaji da kuka dai sun tsira.

Washegari muka isa mahaɗar titi na shida da titin Market, yaron ya ce, "Kawu, ga fadar shugaban ƙasa." Na waiga ban ga komai ba sai gajerun katangun jan bulo da ƙofofi da tagogi a tsaye, babu rufi. Ashe tun 1832 aka rushe gidan, wannan zanen harsashinsa ne kawai aka tayar. A nan Washington ya zauna daga ƙarshen 1790 zuwa Maris 1797, lokacin Filadelfiya ce babban birni na wucin gadi kafin a gina na bakin kogin Potomac. Gidan haya ne, kuma faɗinsa bai kai gidan wasu 'yan kwangilarmu ba. Taku kaɗan daga nan ga zauren majalisa, ginin bene mai hawa ɗaya, wakilai a ƙasa, dattawa a sama. Na san sakatariyar ƙaramar hukumar da ta fi shi girma. Shiga kyauta ne, kuma jami'ar da ta zagaya da mu, mai faffaɗar hula, ta amsa tambayoyina har sai da na ji nauyin sauran mutanen da ke jira.

A cikin wannan 'yar unguwa aka yanke yawancin abubuwan da nake karantarwa. Ƙasar ta fito daga yaƙin 'yanci bashi ya yi mata katutu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ministan kuɗi Alexander Hamilton ya ga cewa ƙasar da ba ta biya ba wanda zai sake ranta mata. Ya ce gwamnatin tarayya ta ɗauke bashin jihohi duka ta haɗa da nata. Jihohin kudu irin su Bajiniya, da suka riga suka biya yawancin nasu, suka ce ba za su ɗauki kayan wani ba. A 1790, tun gwamnati tana New York, aka yi cinikin da ya warware rigimar: kudu ta yarda da bashi, ita kuma aka ba ta babban birni. Da jami'ar take bayanin sai na tuna namu rikicin rabon arziki, da yadda aka zaɓi Abuja don kada wani ɓangare ya ce birnin na wane ne. Mun leƙa ginin bankin ƙasa da aka kafa a 1791, yana nan a titi na uku da manyan ginshiƙansa farare.

To da me za a biya bashin? A nan harajin giya na 1791 ya shigo. Manoman yammacin Pensilbaniya, can bayan duwatsu, ba su da hanyar kai hatsi kasuwa, sai su dafa shi ya zama barasa, ta fi sauƙin ɗauka a bayan doki, har da ita suke ciniki a madadin kuɗi. Aka ce su biya haraji da tsabar kuɗin da ba su da shi. Suka fara dukan masu karɓar haraji, a 1794 suka ƙona gidan babban jami'in harajin yankin. Washington ya tara mayaƙa kusan 13,000, ya hau doki ya raka su har garin Bedford. Kafin rundunar ta isa 'yan tawaye sun watse. Mutum biyu aka yanke wa hukuncin kisa, kuma duka biyun ya yafe musu. Ni dai ina tare da talakan da aka matsa wa, domin kakana ya ba ni labarin jangali da yadda ake kwana a daji da shanu don gudun masu ƙirga. Amma yafiyar nan ta burge ni. Ya nuna ƙarfin gwamnati, bai ga dole sai ya zubar da jini ba.

Da rana muka ci abinci a wurin wani mai keken abincin halal a bakin titi, shinkafa da kaza da farin miya, dala goma. Da na buga a naira sai cokali ya yi mini nauyi. Yaron ya ce, "Kawu, in kana lissafi da yunwa za ka koma." Ruwan gora ma sai ka biya abin da zai sayi buhun fiya-wata a gida, kuma ba mai ce maka bismillah in ka same shi yana ci. Amma direba zai tsaya cak don tsohuwa ta tsallaka titi, ba wanda zai danna mata ham.

Bayan cin abincin na ce mu koma kangon nan, domin da safe na hangi wani bango ban karanta ba. Sunaye tara ne aka sassaƙa a dutse: Austin, Paris, Hercules, Christopher Sheels, Richmond, Giles, Oney Judge, Moll, Joe. Bayin da Washington ya kawo daga gonarsa ke nan su yi masa aiki a fadar. Akwai gilashi a ƙasa, in ka leƙa za ka ga harsashin madafar da Hercules yake girki. Wurin da wasunsu suke kwana kuwa taku kaɗan ne daga ƙofar da ake bin layi don ganin ƙararrawar 'yanci, tsohuwar ƙararrawar da Amurkawa suka ɗauka alamar 'yancinsu.

Dokar Pensilbaniya ta 1780 ta ce bawan da ubangijinsa baƙo ya zauna da shi a jihar wata shida cur yana iya neman 'yancinsa. Sai shugaban ƙasa ya riƙa fitar da su daga jihar kafin wata shidan ya cika, ko da na ɗan lokaci ne, a dawo a soma ƙirga daga farko, ya kuma ce wa sakatarensa a yi abin a asirce. A 1793 ya sa hannu a dokar kamo bayin da suka gudu. Oney Judge baiwar uwargidansa Martha ce, ita ke mata ɗinki da gyaran kai. Ta ji cewa za a bayar da ita kyautar aure ga wata jikar gidan. Ranar 21 ga Mayu 1796, iyalin suna cin abinci, ta fice ta ƙofa, ta shiga jirgin ruwa zuwa Portsmouth a jihar New Hampshire. Aka buga cigiya a jarida da ladan dala 10. Washington ya bi ta hannun ministan kuɗinsa na lokacin ya sa jami'in kwastam na can ya nemo ta. Ta ce za ta dawo in an yi mata alkawarin 'yanci bayan rasuwarsu, ya ƙi. Ba ta dawo ba, a can ta rayu cikin talauci har ta rasu a 1848.

Na daɗe a tsaye a gun. A wannan shekara ɗaya ta 1796, cikin Satumba, mutumin nan ya buga jawabin bankwana a jarida yana cewa ba zai nemi wa'adi na uku ba, alhali babu dokar da ta hana shi, sai a 1951 aka rubuta iyakar wa'adi biyu. Mu da muka ga tazarce iri-iri, a nan gida da can Yamai, mun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ranar 4 ga Maris 1797 ya zauna a zauren nan na ƙasa yana kallo aka rantsar da magajinsa John Adams, ya tattara kayansa ya koma gona. Ya iya sakin mulkin ƙasa guda, ya kasa sakin yarinya ɗaya. Ban faɗi haka don in wanke kanmu ba. A shekarun nan da Shehu Usmanu yake wa'azi a Degel, kasuwar bayi tana ci a garuruwanmu, ta kuma daɗe tana ci bayan nan. Bambancin da na gani shi ne su sun rubuta sunayen a bango kowa ya karanta. Mu ko a aji ba mu cika son buɗe zancen ba.

A babban gidan zane-zane na birnin na ga hoton wani dattijo da hular saƙa yana murmushi, Yarrow Mamout, Musulmi daga Afirka ta Yamma da aka bautar shekara 44, ya samu 'yanci shi ma a 1796. Wallahi in ka gan shi a sahun gaba na masallacinmu ba za ka ce baƙo ba ne.

Zuwa birnin Washington bas muka hau, jirgin ƙasa ya fi ƙarfin aljihuna. A can Allah ya haɗa mu da wani bawan Allah mutumin Damagaram, direban tasi, ya ji muna Hausa a bakin tasha ya yi sallama. Da ya ji inda za mu, ya ce, "Malam, ai baƙon Katsina baƙona ne." Ya kashe mitarsa, ya kai mu Mount Vernon, tafiyar kusan kilomita 25, ya jira mu awa huɗu, da yamma ya wuce da mu gidansa maiɗakinsa ta yi mana dambun shinkafa da zogale. Na miƙa kuɗin mai, ya ɓata rai har sai da na ba shi haƙuri. Allah ya saka masa da alheri, ya raya masa zuriya.

Mount Vernon ba kyauta ba ne, kusan dala talatin kowane mutum, domin wata ƙungiyar mata ce ke riƙe da shi tun ƙarni na 19, ba gwamnati ba. Daga nesa ka rantse ginin dutse ne, ashe katako ne aka sassaƙa aka watsa wa fentinsa yashi. A zauren tsakiya akwai wani baƙin mabuɗi cikin akwatin gilashi, mabuɗin kurkukun Bastille, wanda Lafayette, janar ɗin Faransa da ya taya Amurka yaƙin 'yanci, ya aiko masa daga Faris a 1790. Wannan mabuɗi shi ya fahimtar da ni siyasar wajensa fiye da littattafan da na karanta. Faransa ce ta ba Amurka kuɗi da sojoji da jiragen yaƙi har ta kori Ingila, akwai ma yarjejeniyar ƙawance ta 1778. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Ingila a 1793, masu ra'ayin Thomas Jefferson, ministan harkokin waje, suna ganin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hamilton kuwa ya san yawancin kuɗin shiga daga harajin kayan Ingila yake zuwa. Cikin Afrilu Washington ya shelanta cewa Amurka 'yar ba-ruwanmu ce. Jakadan Faransa, Genêt, ya sauka a Charleston ya kama ba jiragen ruwa izinin kame na Ingila ba tare da ya ko gaida shugaban ƙasa ba, daga ƙarshe aka nemi Faransa ta janye shi. Sai yarjejeniyar da wakilin Amurka John Jay ya ƙulla da Ingila a 1794, wadda dattawa suka amince da ita 20 da 10 a ɗakin nan na sama da na shiga, mutane kuwa suna ƙona mutum-mutumin Jay a tituna. An zagi Washington a jarida, an ce masa butulu. A ganina ya yi daidai. Ƙasar da ba ta da jirgin yaƙi ko ɗaya, har sai da ta biya Aljeriya fansa don a sako mata matuƙanta, ba ta da abin shiga faɗan manya. Amma Ingila ta janye daga sansanoninta na arewa maso yamma ne a daidai lokacin da aka murƙushe ƙabilun asali na yankin Ohio, yarjejeniyar Greenville ta 1795 ta raba su da mafi yawan ƙasarsu. Su ba wanda ya yi musu ba-ruwanmu.

Daga kabarinsa muka gangara zuwa maƙabartar bayi cikin bishiyoyi, babu suna a kan kabari ko ɗaya. Mutum 317 ne ke bauta a gonar lokacin da ya rasu a Disamba 1799. A wasiyyarsa ya 'yanta 123 da suke mallakarsa, yawancin sauran na dangin mijin Martha na farko ne. Mutumin Damagaram ya ɗaga hannu, muka yi musu addu'a mu uku, domin ba mu san ko akwai masu salla a cikinsu ba.

Sauran kwanakin sun wuce da sauri. New York yini ɗaya, ruwan sama, na ga mutum-mutuminsa a inda aka fara rantsar da shi ranar 30 ga Afrilu 1789, jama'a suna ture juna. Bikin yaron ya yi kyau, na yi kuka a madadin uwarsa. A kanti na samu rigunan sanyi uku a farashin ɗaya saboda lokacinsu ya wuce, takalma kuwa na Kantin Kwari sun fi araha nesa. Tsarabar da na fi ji da ita hoton bangon nan ne mai sunaye tara, na kai an wanke mini shi babba, ran Litinin da shi zan shiga aji.