Godiya bayan bikin waƙoƙin Sallah na ɗalibanmu

Alhamdulillahi, an yi taro an tashi lafiya. Jama'a, sannunmu da gajiya. Wanda duk ya biyo wannan aiki tun farkonsa ya san abin da aka sha, ba sai an sake tonawa ba. Muryoyin malamai sun dishe, wasu har yanzu ba su warware ba, amma babu yaron da ya ji ko ƙwarzane. A madadin malaman da suka koya wa yara rubuta waƙar babbar Sallah, ga godiyarmu.

Ta farko ga malaman aji huɗu zuwa aji shida, don su suka sha wahalar da ba a gani. Jama'a sun ga yara suna rerawa, ba su ga yadda aka kasa su shida-shida ba. Shidan nan da dalili. In suka kai goma, biyu ne za su yi aiki, sauran su koma tsokanar juna. In uku ne, ranar da ɗaya bai zo ba aiki ya tsaya cak. Kowane rukuni da mai rubutu, da mai tafi wanda ke ƙirga gaɓa, da jagora mai ba da waƙa, sauran ukun su kawo kalmomi su yi amshi. Kowane zama sai a juya aikin, in ba haka ba mai kyan rubutu ya zama sarki, ya riƙe biro ya hana kowa magana. Zama kuma kada ya wuce minti talatin, daga nan hankalinsu ya tafi wajen tara.

Ba a ce musu "ku rubuta waƙar Sallah" ba. Faɗi haka ka ga rukuni goma sun kawo maka abu ɗaya: mun sa sabbin kaya, mun ci nama, shi ke nan waƙa ta ƙare a layi biyu. Sai aka yanka ranar gunduwa-gunduwa. Waɗansu suka ɗauki zuwa kara sayen rago, waɗansu telan da bai gama ɗinki ba har daren Sallah, waɗansu tafiya Idi a Ƙofar Mata, waɗansu yanka da fiɗa da rataye nama ya kwana, waɗansu suya, waɗansu hawan Daushe. A zaman farko ko baiti ɗaya ba a rubuta ba. Kalmomi kawai aka tara, kowane yaro ya tambayo guda biyar a gida. A nan ne muke gode wa iyaye mata da kakanni, don daga bakinsu turke da harawa da dusa da kayan ciki da kakiɗe da dambun nama suka shigo aji. Da littafin karatu kaɗai da ba a samu wannan ba.

Amshi aka fara yi kafin baitoci, kuma ɗaya ne ga duk makarantar:

Sallar layya ta zo bana,
Kowa ya zo mu yi murna.

Gaɓa takwas-takwas ne, amsa-amonsa "na". Sai malami ya ja layi a gefen allo, yara su cika shi da kalmomin da ke ƙarewa haka: rana, kwana, suna, gona, zauna, tuna, ƙuna. Kowane baiti ƙwar biyu, wato ɗango ko layi biyu, rukuni kuma baiti huɗu ko biyar. Ƙwar biyar ta yi wa ɗan firamare nauyi, kafin ya kai ɗango na uku ya manta abin da ya fara. Inda aka fi shan fama shi ne awo. Yaro zai zubo ɗango mai gaɓa goma sha uku ya ce ya yi daidai. Ba a gardama da shi. Mai tafi zai tafa, shi kuma ya rera, da kansa zai ji numfashi ya ƙare masa kafin ƙarshe. Wani lokaci ma ƙirge ya yi daidai amma ɗangon na ɗingishi, saboda "rana" da "tuna" duk gaɓa bibbiyu ne, sai dai ana jan farkon rana, ba a jan na tuna. Wannan kunne ke kama shi, shi ya sa ba a yarda a rubuta ɗango a kwali sai an rera shi sau uku.

Abu biyu malamai suka sa wa ido sosai. Ɗaya aron karin waƙoƙin fim, don da yaro ya ɗauko kari sai ya yi ta cusa kalmomi ciki, ma'ana ta gudu. Na biyu zambo. Yara na son sa "wane bai yanka ba", su a wurinsu abin dariya ne, alhali a cikin ajin akwai marayu, akwai waɗanda babu hali a gidansu bana. Duk inda wannan ya fito an cire shi, aka maye gurbinsa da baitin rabon nama ga maƙwabta. Allah Ya saka wa Malamar aji biyar da alheri, ita ta fara lura da shi, kuma ba ta kunyata yaron da ya rubuta ba.

To, sai lokacin nan da duk wanda ya halarta ba zai manta ba. Hadari ya taso rukunin aji huɗu na tsaye, iska ta fizge kwalin da aka rubuta musu baitoci, aka ɗauke wuta, lasifika ta mutu. Jagorarsu, yarinyar da ba ta fi shekara tara ba, ta tsaya ƙiƙam, ido ya cika da hawaye. Rumfa na girgiza a kan yara, gaban kowa ya faɗi. Sai wata dattijuwa daga layin baya, kakar wani yaro ce da ba ma cikin rukunin yake ba, ta miƙe da sandarta ta jingine, ta fara tafi tana ba da amshin da muryar tsufa. Mata suka karɓa. Aka maimaita, aka sake maimaitawa, a na uku yarinyar ta share fuska da gefen hijabi ta kama baitinta da ka, har ta kai ƙarshe ba tuntuɓe. Hajiya, mun san ba ki son a ambace ki, ki yi mana haƙuri, ba za mu iya yin shiru ba. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya sa jikokinki su ji ƙanki, Ya ba ki ikon zuwa Arfa, Ya sa ki gama da duniya lafiya.

Haka Baba mai gadi da mai shayin bakin ƙofa, da suka rungume ƙafafun rumfa har iska ta lafa. Haka Inna mai ƙosai, da ta ba mu aron ƙwarya huɗu don kiɗa ta ƙi karɓar ko sisi. Haka shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, da suka sayi kwali da maka da alli. Allah Ya buɗa muku ta inda ba ku zato, Ya raya muku zuri'a, Ya ji ƙan magabatanku, Ya tsare ku daga sharrin zamani, Ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya.

Kujerun da aka jera wa iyaye maza da yawansu haka aka kwashe su ba wanda ya zauna. Mun san hidimar Sallah da neman abinci, ba mu ga laifin kowa ba. Sai dai akwai yaran da har aka tashi suna leƙen ƙofa, kawu ya ce zai zo, yaya ya ce zai zo. In an koma gida a ce su rera, baitocin na nan a bakinsu.

Malaman wasu makarantu da suka nemi kwafin baitocin, ana sake rubuta na aji huɗu da ruwa ya jiƙa, da an gama za a sanar. Wanda kuma yaronsa ya dawo gida babu hula ko da takalmi wari ɗaya, suna wajen Baba mai gadi.