Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Adakar Kakana da Maganar Anini

A makon jiya mun tsaya a inda Goggo ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini makullin adakar kakanmu, makullin da ta shekara fiye da talatin tana cewa ya ɓata.

Kalanda ce ta kai mu ga adakar nan. Zuriyar gidanmu ta shirya taron zumunci bayan Babbar Sallah, aka ce a buga kalanda da hoton tsohon a tsakiya. Ɗan baffana da ke Abuja, wanda ya ɗauki nauyin bugawa, ya turo samfuri a zauren WhatsApp na dangi, an rangaɗa Kyaftin da manyan baƙaƙe a ƙarƙashin hoton. Wani ya ce ai Manjo ne. Wata ta ce ita Laftanar ta ji daga bakin mahaifiyarta. Abin da dai muka tashi da shi tun muna yara shi ne kakanmu hafsa ne a sojan Bature, ya je yaƙin Bama ya dawo da ransa. Da wannan muke yi wa yaran unguwa kuri a makarantar allo, ni kuwa da na ci sunansa kurina ya fi na kowa, alhali ya rasu ina goye. Sai aka ce tunda ni malamin makaranta ne, kuma ni ke zaune a Zariya, in je in tabbatar.

A ɗakin Goggo muka buɗe, can cikin birni wajen Ƙofar Kuyambana, bayan la'asar. Sai da na ɗiga wa kwaɗon man gyaɗa kafin ya yarda. Warin kafur da tsohuwar ƙura ya bugo mu. A sama akwai jar dara da asu ya yi wa ƙofofi, sai ɗamarar fata, sai laya guda biyu da ɗinkinsu ya fara kwancewa. A ƙasa lambobin yabo huɗu ne, biyu masu siffar tauraro, biyu kewayayyu kamar tsohon sule. Na juya bayansu ina neman suna ko muƙami, wayam. Daga baya na gane haka Ingila ta raba lambobin wancan yaƙin, ba ta sassaƙa sunan kowa ba. Ɗaya daga cikin taurarin, mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan goro a gefe, shi ne tauraron Bama.

Can a kusurwa, naɗe cikin tsumma, littafin sallamarsa ne. Ɗan ƙarami, bai kai tafin hannuna ba. An rubuta sunansa yadda kunnen Bature ya ji, da lambarsa, da garinsu. Shekarar da ya shiga soja 193 kawai ta rage, gara ta cinye lambar ƙarshe. Shekarar sallama kuwa tana nan raɗau, 1946. A gurbin muƙami haruffa uku ne, C.S.M., a gurbin runduna kuma 12 NR.

Goggo ta ce, "Babana, me aka rubuta?"

Haka take kirana, don ba ta iya faɗin sunan mahaifinta. Na ce mata rubutun soja ne, sai na nemi wanda ya san shi. A raina kuwa harafin farkon nan na riƙe, na ce ai da shi Kyaftin yake farawa a Turance.

Wani abokin aikina ya haɗa ni da maƙwabcinsa, tsohon soja ɗan mazan jiya da ya shiga aiki lokacin yaƙin basasa. Na same shi a bencin mai shayi wajen PZ. Ya goge hannu a rigarsa kafin ya karɓi littafin, abin da ya burge ni. Ya kai shi nesa da ido, ya dawo da shi kusa, sannan ya ce in ba shi hoton. Ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, dubi kafaɗarsa. Ka ga anini?"

Na ce ban gani ba, Baba.

"To hafsa a kafaɗa yake ɗaukar muƙaminsa. Mu namu a hannu yake, kofur igiya biyu, saje igiya uku. Kakanka ya wuce nan. Samanja ne, samanjan kamfani."

Jikina ya yi sanyi, kuma ya lura. Ya ajiye kofin shayinsa, ransa a ɗan ɓace, ya ce wato raina samanja na yi? Ya ce in tambayi duk wanda ya taɓa kwana a Daffo, barikin horar da sababbin soja, wa kurtu ya fi tsoro, hafsan da yake gani jefi-jefi ko samanjan da ke tashinsa da asuba. Mutum sama da ɗari ne a hannun samanja, shi ya san wanda ya ci da wanda bai ci ba, wanda ƙafarsa ta kumbura, wanda ke shirin gudu. Na ba shi haƙuri, na biya kuɗin shayin, amma ban bar wajen da gamsuwa ba. Na ce wataƙila an ƙara masa girma daga baya ba a rubuta ba.

Wannan taurin kan ne ya kai ni Samaru, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, na yi Asabar uku ina zarya. Da dare kuma ina ƙona data a kan London Gazette, jaridar gwamnatin Ingila da ake shelanta naɗin hafsoshin sojanta, wadda yanzu ana iya bincika tsofaffin fitowarta a intanet. Na juya sunan kakanmu ta kowace fuska da Bature zai iya rubuta shi. Babu.

Ba zai kuma kasance ba, don a duk tsawon yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945, babu ɗan Najeriya ko ɗaya da aka ɗora wa anini. Rundunar da Lugga ya kafa a 1897, wadda Hausa ce harshen aikinta har sai da hafsoshin Turawa suka riƙa zama jarrabawar Hausa, ta yi shekara hamsin ba ta ga ɗan Najeriya ya cancanci zama hafsa ba. A Afirka ta Yamma mutumin Gana, Seth Anthony, shi ya fara samu a 1942, shi ma ya je Bama. A Najeriya sai 1948 aka naɗa Louis Ugboma, a 1949 Wellington Bassey da Aguiyi-Ironsi da Samuel Ademulegun suka biyo baya. Mu a Arewa sai da Zakariya Maimalari ya fito daga Sandhurst, makarantar horar da hafsoshi ta Ingila, a 1953. Su Yakubu Gowon, ɗan Wusasa da ya yi karatu a Barewa, duk daga baya ne. Lokacin da Maimalari ya fito, kakanmu ya shekara bakwai da tuɓe kaki. Su waɗannan 'yan boko ne, da takardar makaranta suka shiga. Shi kuwa allo ya sani, a fagen fareti ya koyi sauran.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne tsarin da na karanta na lokacin: sajen Bature, ko jiya ya sauka daga jirgin ruwa a Ikko, yana gaba da samanja baƙar fata ko da ya shekara ashirin yana aiki. Ke nan tsohon nan ya kusa ƙarshen tsanin da aka kafa wa irinsa, ya hango rufi. Na zauna a teburin karatun ina jin haushin mutanen da duk sun mutu, har ma'aikacin wajen ya zo ya ce za su rufe.

To sai maganar 12 NR, wadda na yi wa riƙon sakainar kashi da farko, ashe nan naman yake. Bataliya ta 12 ce ta rundunar Najeriya. Sojojin Afirka ta Yamma sun je Bama a manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, suka yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Amma an zare bataliya uku na 'yan Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka haɗa su da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit. A 1944 aka kwashe su a jiragen sama aka sauke a bayan abokan gaba, cikin ƙungurmin daji, ba hanyar mota, abinci da harsashi sai dai a jefo musu daga sama da lema. Ɗaya daga cikin sansanonin da suka tsare, a kan hanyar jirgin ƙasa kusa da Mawlu, har suna ya samu saboda fararen lemomin da suka maƙale a kan itatuwa. Wingate kansa bai ga ƙarshen aikin ba, ya mutu a haɗarin jirgin sama a watan Maris na shekarar.

Chindit! Ni da na tashi a Zariya, sau nawa na wuce ƙofar barikin Chindit a kan acaɓa, inda Daffo take tun 1924 tana horar da kurata? Ban taɓa tambayar daga ina sunan ya zo ba, na ɗauka sunan wani Bature ne. Ashe daga sunan gunkin zaki ne da ke gadin ƙofar wuraren bautar mutanen Bama. Haka barikokin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, duk sunayen wuraren da aka gwabza ne a can.

Cikin wannan karatun na ci karo da wani layi da ya sa na ajiye biro. Alfadaran da ke ɗaukar wa dakarun Chindit kaya, likitocin dabbobi sun yi musu aiki a maƙogwaro an cire musu murya, don kada kukansu ya tona asirin inda soja suke ɓoye.

A gidanmu akwai wata magana da ake yi wa mai zuƙi ta malle. In yaro ya sharɓo ƙarya sai a ce, "Wannan ai alfadarin Bama ne." Asalinta, tsohon ya sha faɗa wa 'ya'yansa cewa a can ya ga alfadarai suna buɗe baki su yi kuka amma ba a jin komai sai iska. Suka ɗauke ta tatsuniyar tsohon soja, suna dariya a bayan idonsa, har ta zama karin maganar gida. Ni kaina na sha faɗa wa 'ya'yana ita.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sayi goro da lemo na nufi wajen Goggo. Tun a hanya nake shirya yadda zan faɗa mata maganar anini ba tare da na karya mata zuciya ba. Na yi ta kewaye-kewaye, ina kawo tarihin Lugga. Ta katse ni.

"Babana, faɗi abin da ka gano."

Na faɗa. Ko gezau. Ta ɓare goro ta ce ita ba ta taɓa jin Baba ya kira kansa hafsa ba. Da ya dawo, zamanin Sarki Ja'afaru, ya kama aikin ɗan doka a En'e, kuma tafiyarsa da tsawarsa suka sa 'yan unguwa suka laƙaba masa Hafsa. In an kira shi haka sai ya ce a bari, a bari. Da ya rasu babu mai cewa a bari, sai laƙabi ya zama muƙami, jikoki kuma kowa ya ƙara nasa gishirin.

Na ce to Goggo, me ya hana ki faɗa tun da ake ta musu?

"Wa ya tambaye ni? Kuna can cikin wayoyinku."

Sannan na ba ta labarin alfadarai. Nan ne ta daina tauna. Ta ce in sake faɗa, na sake. Ta ce a littafi na gani, Bature ya rubuta? Na ce ƙwarai. Ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska, ta daɗe a haka. Da ta buɗe sai ta ce, "Allah Ya jiƙan Baba. Har da ni a masu dariyar."

Da dare na rubuta wa dangi cewa a sa Samanja a kalanda, na haɗa da hoton littafin. Ɗan baffana ya kira ni nan take, ya ce an riga an biya mai bugawa rabin kuɗi, kuma ya faɗa wa abokan aikinsa kakansa Kyaftin ne, yanzu da wane ido zai dube su? Muka rabu ba daɗi. Har yau kalandar tana wajen mai bugawa, ƙarƙashin hoton babu rubutu.

Da zan mayar da littafin cikin tsummansa, wata takarda ta faɗo daga bangon baya, an ninke ta huɗu, rubutun ajami ne da tawadar da ta koma ja. Na iya karanta bisimilla da gaisuwa, sai sunan wata mace da ba kakarmu ba. Na kai wa wani malami a Tudun Wada ya warware mini sauran, da abin da ya karanto za mu fara a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.