Yau na wuni da magina

Asabar, bayan isha'i. Bayana kamar an daka ni a turmi alhali ko bulo ɗaya ban ɗora ba, tsayuwa kawai na yi kan masu aiki tun hantsi. Katangar bayan gidan Inna ce ruwan shekaranjiya ya kwantar, ta ƙasa ce dama tun ta marigayi, to yau aka fara tada ta da bulo.

Maginin dattijo ne daga wajen Ƙofar Guga a nan Katsina, da lebura biyu. Ina cewa "sannu Baba birkila" sai ya ɗago ya dube ni ya ce "Malam ni magini ne, birkila ga shi can", ya nuna yaronshi. Wai birkila bulo da siminti kawai ya sani, shi kuwa da tubali ya fara a hannun babanshi. Na ce Allah ba da haƙuri Baba.

Sun haƙa fandisho da diga, aka zuba kankare, tsakuwa da yashi da siminti, ana aunawa da kwanon sarki, ni sai yau ma na san sunan kwanon nan da lebura ke ɗauka a ka kenan. Buhun siminti kilo 50 ne amma wallahi kana ƙiftawa ya ƙare. Na so a sa bulo ɗan inci 6 don sauƙin aljihu, ya ce a ƙasa dai sai ɗan inci 9, in kuma ina son mu sake haɗuwa baɗi to bismilla. Na yi shiru.

Abin dariya, ya ƙwala kira a miƙo mashi cokali, autar Inna ta ruga kicin ta dawo da cokalin shan shayi, leburan nan har da riƙe ciki. Shi ko murmushi bai yi ba, ya ɗauki cokalin gininshi ya yanko kwaɓi ya shimfiɗa, ya aza bulo, ya ɗan ƙwanƙwasa da ƙotar, ya kanne ido ɗaya yana bin igiya. Ma'aunin daidaiton ginin nan mai ɗan ruwa a ciki sai daga baya yake ɗorawa, kuma kullum daidai yake samu.

Da muka zauna shan fura ne ya buɗe baki. Ya ɗauko wani tsohon tubali cikin ɓaraguzan ya murje shi a tafin hannu, ga ciyawar da aka cuɗa ƙasar da ita tana nan ba ta ruɓe ba. Ya ce katangar ba tsufa ya kada ta ba, rashin yaɓe ne, shekara nawa rabon da a shafa mata makuba? Makuba wai daga ɓawon ɗorawa ake yin ta, ita ke hana ruwa cin bango. Daga nan ya shiga jero sunayen kaya da sassan ginin gargajiya, azara, indararo, zanko, bakan gizo, ɗaurin guga, ina ta rubutawa a waya. Ya ce in je in dubi hasumiyar Gobarau da kyau, ginin ƙasa ce, ɗaruruwan shekaru tana tsaye don ana kula da ita. Gaskiya na ji kunya, kusan kullum ta nan nake wucewa a mashin.

Layi biyar suka ɗora kafin la'asar sakaliya. Ya ce gobe da asuba in sa a yayyafa ma ginin ruwa, kuma siminti saura buhu biyu, ga kuɗin mai garuwa ban biya ba.