Dnmt3L, furotin da ba ya ɗora alama da kansa

Talata. Kusan yinin nan duka a ɗakin sanyi na yi shi, inda ma'auni ba ya wuce digiri 4, har yatsuna suka ƙage. Na fasa ƙwayoyin tayin ɓera da muke reno a faranti, na zuba musu 'yan ƙananan duwatsun maganaɗisu masu ɗauke da abin da ke cafke furotin Dnmt3a. Tambayar ɗaya ce: idan aka jawo shi, wane furotin ne zai biyo shi a manne? Da la'asar hoton sakamakon gwajin ya fito, ga wani siririn layi baƙi daidai inda ake sa ran Dnmt3L. Na daɗe ina kallonsa.

Ba sabon abu na gano ba, an daɗe da sanin cewa furotin ɗin biyu suna manne wa juna. Amma Dnmt3L ɗin nan yana burge ni ƙwarai. Dnmt3a shi ke ɗora alamar metil, wani ɗan ƙaramin sinadari, a kan DNA, alamar da kan sa ƙwayar gado ta yi shiru ba tare da an taɓa rubutunta ba. Shi kuwa Dnmt3L ba shi da wannan ikon ko kaɗan. Sai dai yana manne wa Dnmt3a ya ƙara masa kuzari, yana kuma laluben jelar histon H3, ɗaya daga furotin ɗin da DNA ke nannaɗe a jikinsu, inda ya tarar babu metil a gurbi na 4 na jelar, nan ya tsaya. A 2007 aka ga siffarsu: Dnmt3a biyu a tsakiya, Dnmt3L ɗaya kowane gefe, kamar 'yan rakiya.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne aikin Déborah Bourc'his a ɗakin gwaje-gwajen Timothy Bestor, Jami'ar Columbia ta Amurka, a 2001. Sun cire Dnmt3L daga ɓeraye. Ɓerayen suka girma lafiya lau. Amma mazan ba sa haihuwa, matan kuma suna ɗaukar ciki, 'ya'yan su mutu tun a ciki, domin ƙwan uwa bai samu alamomin da ke shaida cewa wannan gadon daga uwa ya fito ba. Shi ya sa ban yarda da masu nazarin furotin ɗaya su rufe ido ga abokan aikinsa ba.

Malama ta duba hoton, ta ce, "Ya yi kyau, amma ki juya gwajin. Ki jawo Dnmt3L, mu ga ko Dnmt3a zai biyo." Gaskiyarta. Na riga na raba sauran ruwan ƙwayoyin gida biyu, na sa a firiza. Gobe da sassafe, in Allah ya kai mu, zan fara.